Waiwaye: Tun yaushe malloc ta fara kiran kanta?

Har yanzu gardama ba ta lafa ba tsakanin ɗaliban kwamfuta masu rubutu da yaren C a Samaru. Mutum zai lulluɓe malloc, wato aikin da ke ba manhaja wurin ajiya, da tasa malloc ɗin, ya sa mata kwaɗo, wato makulli, don kada zare biyu (sassan manhaja masu gudana lokaci guda) su yi karo, sai manhajar ta sandare, ko ta yi ta kiran kanta har ta kife. Wasu na ɗora laifin a kan zare, wasu na cewa kwaɗon za a sauya. Matsalar kuwa ta girmi masu gardamar.

Farkon labarin sananne ne. An samar da C a 1972, aka yi masa ƙa'ida a 1989, duk babu batun zare. Sai a 1995 POSIX, wato ƙa'idar tsarin Unix, ya zo da zare da ayyukan da suka dace da shi irin su strtok_r.

Abin da ake tsallakewa ya faru ne a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da Unix ya koma amfani da laburaren tarayya, wato tarin ayyukan da manhajoji da yawa ke amfani da shi tare. A da, ana ɗinke komai a jikin manhaja tun wurin haɗa ta. Daga nan sai ya zama in an tayar da ita ake cigiyar kowane aiki da sunansa, wanda aka fara tararwa shi ke amsawa. Kamar a ce Malam Garba biyu ne a gida ɗaya a Tudun Wada: duk wanda ya yi sallama, na zaure ne zai fito. Tsarin yana da amfani ƙwarai, da shi LD_PRELOAD, hanyar sa laburarenka gaban sauran, ke aiki. Sai dai in ka raɗa wa aikinka suna malloc, har ayyukan cikin laburaren kai za su kira. Ka sa printf, mai fitar da rubutu, don ganin abin da ke gudana, ita ma ta nemi wurin ajiya, ta faɗo hannunka. Ka aiki dlsym, mai cigiyar aiki da sunansa, ya nemo malloc ta ainihin, shi ma yana iya kiran calloc ɗinka, wato 'yar'uwar malloc. Ko zare ɗaya ne tak, haka za ta faru. Kwaɗo kamannin ciwon kawai yake sauyawa: wanda ba ya buɗuwa sau biyu ya kulle ka, mai buɗuwa ya bar ka kana zagaye.

Shi ya sa waɗanda suka ƙware suke ba kowane zare tutarsa mai nuna an riga an shiga, su tanadi ɗan wurin ajiya na farawa, su yi rubutu da write, wadda ba ta kiran malloc, maimakon printf. A 2021 an cire __malloc_hook, wata hanyar leƙen malloc ba tare da lulluɓe ta ba, daga glibc 2.34, wato laburaren C na GNU.