Me Ya Sa Makamashi Ba Ya Ɓacewa? Tambayoyi da Amsoshi kan Simetiri da Filayen Kwantam

A sakandare ana koya wa ɗalibai cewa ba a ƙirƙirar makamashi, ba a kuma halaka shi, sai dai ya sauya kama. A haddace, a rubuta a jarrabawa, a wuce. Da wuya a ji malami ya faɗi dalili, alhali an san dalilin tun 1918, kuma a kansa aka gina mafi yawan fiziks na zamani.

Mene ne simetiri a wurin masana fiziks?

Shi ne a yi wa abu wani canji, amma ya kasance kamar ba a taɓa shi ba. Zana da'ira a takarda, ka juya takardar yadda ka ga dama, da'irar tana nan yadda take. Murabba'i kuwa sai an juya shi kwata cif, ko rabi, kafin ya koma kamanninsa.

Sai dai abin da ya dami masana ba surar abubuwa ba ce, dokokin da abubuwa ke bi ne. Gwajin da aka yi yau, idan an maimaita shi gobe cikin yanayi iri ɗaya, sakamako ɗaya zai bayar. In an kwashe kayan gwajin aka kai wani gari, haka. In an juya teburin ya fuskanci gabas maimakon arewa, haka. Dokokin ba ruwansu da yaushe, ko ina, ko wace fuska.

Wannan ai kowa ya sani. Me ya haɗa shi da makamashi?

A nan Emmy Noether ta shigo. Masaniyar lissafi ce Bajamushiya, haifaffiyar garin Erlangen a 1882. A 1915 masana lissafi David Hilbert da Felix Klein suka gayyace ta Jami'ar Gottingen, a daidai lokacin da ake fama da wata matsala game da makamashi a sabon nazarin Einstein kan jan ƙasa. Abin da ta gano, aka buga a 1918, ya zarce matsalar nesa ba kusa ba: duk wani simetiri da ake iya yinsa kaɗan-kaɗan, irin juyin da'ira, yana haifar da wani adadi da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa.

Tun da dokoki ba sa canzawa da lokaci, makamashi ba ya ɓacewa. Tun da ba sa canzawa daga wuri zuwa wuri, jimillar ƙarfin tafiyar abubuwa tana nan daram ko da sun yi karo. Tun da ba ruwansu da fuska, ƙarfin juyawa ma haka.

Ga hanyar gane na farkon. A ce jan ƙasa yana rauni ran Litinin, ya ƙara ƙarfi ran Talata. Sai mutum ya tura ruwa tanki a sama ran Litinin da ɗan ƙaramin aiki, ya sako shi ran Talata ya juya injin lantarki, ya samu fiye da abin da ya kashe. Kowane mako ga makamashi kyauta. Abin da ya toshe wannan hanya shi ne dokar Litinin ita ce ta Talata.

Ya kamata a san halin da ta yi wannan aiki a ciki. Saboda mace ce, hukumar jami'a ta ƙi ba ta izinin koyarwa da sunanta, sai ana sanar da darussanta da sunan Hilbert har 1919. A 1933 gwamnatin Nazi ta kore ta saboda Bayahudiya ce, ta tafi Kwalejin Bryn Mawr a Amurka, ta rasu a 1935 tana da shekara 53. Ni a ganina duk littafin da ya koyar da dokar makamashi bai ambaci sunanta ba, bai yi mata adalci ba.

To mene ne fili?

Fili abu ne da ke da ƙima a kowane gurbi na sarari. Michael Faraday ne ya kawo tunanin a ƙarni na 19 don bayyana yadda maganaɗisu ke jan ƙarfe ba tare da ya taɓa shi ba: akwai wani abu shimfiɗe a tsakaninsu. A shekarun 1860 James Clerk Maxwell ya rubuta lissafin filin lantarki da na maganaɗisu, ya ga cewa girgiza a cikinsu tana tafiya da gudun kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Gudun haske ke nan. Ashe haske girgizar wannan fili ce.

Da ilimin kwantam ya zo, sai aka gane girgizar ba ta zuwa da kowane irin adadi. Curi-curi take zuwa, ɗaya, biyu, uku, babu rabi. Curi guda na filin lantarki da maganaɗisu shi ake kira foton. Daga nan aka ɗauki babban mataki: ilektiron ma curi ne na nasa filin, haka kowace irin ƙwaya ta asali. Fili ne tushe, ƙwaya kuwa motsinsa ce.

Wannan ya warware wani abu da ba a cika lura da shi ba. Kowane ilektiron a duniya nauyinsa da cajinsa daidai suke da na sauran, ba bambanci ko miskala zarratin. Dalili, fili ɗaya ne ke motsi a wurare daban-daban.

Akwai shaidar cewa wannan ba zance ba ne kawai?

Sosai ma. A 1928 Paul Dirac ya rubuta lissafin ilektiron da ya dace da kwantam da kuma nazarin Einstein kan gudun haske. Lissafin ya nuna dole a samu kishiyar ilektiron, mai nauyi iri ɗaya amma caji akasi. A 1932 Carl Anderson ya gan ta a cikin ƙwayoyin da ke zubowa daga sararin samaniya. Fozitiron ke nan, wanda a yau ake amfani da shi a asibiti wajen hoton PET.

Sai kuma ƙarfin maganaɗisun ilektiron. Lissafin Dirac ya ba da 2 cif. A 1948 Julian Schwinger ya lissafa gyaran da mu'amalar ilektiron da filin foton ke kawowa, adadin ya koma 2.0023. Tun daga nan ake ta ƙara lambobi a bayan ɗigon, a takarda da kuma a ɗakin gwaji, kuma ɓangarorin biyu sun yi daidai har wajen lambobi goma.

An ce simetiri ne ke haifar da ƙarfi kansa. Ta yaya?

Wannan ne wurin da ya fi burge ni. Filin ilektiron yana ɗauke da wata kusurwa a kowane gurbi, wadda ake iya juyawa a kan da'ira. Idan aka juya kusurwar ko'ina da adadi ɗaya, babu wani gwaji da zai gane. Simetiri ke nan, kuma bisa ƙa'idar Noether abin da ya tsare shi ne cajin lantarki.

Yanzu a ƙara buri. A ce kowane gurbi yana da 'yancin juya tasa kusurwar yadda ya so, ba tare da la'akari da na maƙwabcinsa ba. Nan take lissafin ya lalace, sai fa idan an shigo da wani sabon fili mai cike giɓin da ke tsakanin gurbi da gurbi. Da aka duba wannan sabon fili, sai ga shi shi ne na Maxwell, ƙwayarsa foton ce, kuma simetirin ya wajabta ta zama marar nauyi. Hermann Weyl ne ya tsara wannan a 1929. A 1954 Chen Ning Yang da Robert Mills suka faɗaɗa shi zuwa juyi masu sarƙaƙiya, kuma a kan wannan faɗaɗawa aka gina bayanin ƙarfi biyu na cikin cibiyar zarra: babban ƙarfi mai ɗaure ƙananan ƙwayoyin da ake kira kwak su zama furoton, da rarraunan ƙarfi mai sa wasu zarra su ruɓe.

Simetiri har duba yake yi, a ma'anar kimiyya. A 1961 Murray Gell-Mann da Yuval Ne'eman, kowa a nasa ɓangaren, suka jera ƙwayoyin da aka sani bisa wani tsari. A wani rukuni mai gurbi goma, tara ne a cike. Gell-Mann ya faɗi cajin ta goman da nauyinta, kuma a 1964 aka same ta a ɗakin bincike na Brookhaven a Amurka. Sunanta omega-minus.

Kowane simetiri ne duniya ke kiyayewa?

A'a. An daɗe ana ɗauka cewa duk abin da ke faruwa, hotonsa na cikin madubi ma zai iya faruwa, wato dokoki ba su san dama da hagu ba. A 1956 Tsung-Dao Lee da Yang suka lura ba a taɓa gwada wannan a kan rarraunan ƙarfi ba. Chien-Shiung Wu ta ɗauki aikin. Ta sanyaya zarrar kobal-60 kusa da iyakar sanyi, ta jera cibiyoyinsu da maganaɗisu suna juyi ta fuska ɗaya, sannan ta ƙirga inda ilektiron ke fita yayin ruɓewa. Sai suka fi fita ta ɓangare ɗaya. A madubi fuskar juyin za ta sauya, amma ɓangaren fitar ba zai sauya ba, don haka abin da madubi ke nunawa ba ya faruwa a zahiri. A 1957 aka ba Lee da Yang kyautar Nobel, ba a sa Wu ba. Wannan ma abin takaici ne.

Ina Higgs ya shigo?

Simetirin rarraunan ƙarfi ya wajabta ƙwayoyin da ke ɗauke da shi su zama marasa nauyi kamar foton. Amma gajartar zangon ƙarfin ta nuna masu nauyi ne ƙwarai. Ko dai a jefar da simetirin, ko a nemi dabara.

Tsayar da taɓarya a kan gindinta a tsakar gida. Babu fuskar da ta fi wata, amma ba za ta daɗe a tsaye ba, za ta faɗi gabas ko kudu ko wani wajen. Dokar ba ta zaɓi fuska ba, faɗuwar ce ta zaɓa. Wanda ya zo ya tarar da ita a kwance ba zai ga simetirin ba, alhali yana nan a cikin dokar. Yoichiro Nambu ne ya shigo da wannan tunani fagen ƙwayoyi wajen 1960. A 1964 François Englert da Robert Brout, da Peter Higgs, da wasu masana uku, suka nuna cewa idan akwai wani fili da ya "faɗi" haka, ya zauna a kan ƙimar da ba sifili ba a ko'ina, ƙwayoyin da ke mu'amala da shi za su yi nauyi, dokar kuma ba ta karye ba.

Sheldon Glashow, Steven Weinberg da Abdus Salam ɗan Pakistan suka gina nazarin da ya haɗa rarraunan ƙarfi da na lantarki, aka ba su Nobel a 1979. Salam ne kuma ya kafa cibiyar fiziks ta Trieste a Italiya a 1964 domin masana daga ƙasashe masu tasowa. A 1983 aka ga ƙwayoyin W da Z, masu ɗauke da rarraunan ƙarfi, a cibiyar bincike ta CERN da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan, W ya ninka furoton nauyi sau 80 da ɗoriya, Z kusan sau 100. Ƙwayar Higgs kanta, wato curin wancan fili da ya "faɗi", sai ranar 4 ga Yuli, 2012 aka sanar da ganinta, a na'urar karo mai da'irar kilomita 27.

Ke nan nauyin jikina daga Higgs yake?

Kaɗan ne kawai. Filin Higgs ya ba ilektiron da kwak nauyinsu, amma kwak ukun da ke cikin furoton ba su wuce wajen kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. Ragowar makamashin babban ƙarfi ne da ke ɗaure su, tun da makamashi da nauyi abu ɗaya ne a lissafin Einstein.

Idan kowace ƙwaya tana da kishiya, ina kishiyoyin suke?

Ƙwaya da kishiyarta in sun haɗu, halaka juna suke yi su zama haske. Da a farkon duniya adadinsu ya zo daidai cif, da babu taurari, babu ƙasa, babu mu. An samu ɗan rinjaye ne, kimanin ƙwaya ɗaya a cikin kowace biliyan, kuma wannan rarar ce duk abin da muke gani. A 1964 James Cronin da Val Fitch suka gano, a ruɓewar wasu ƙwayoyi da ake kira kayon, cewa dokoki suna ɗan bambanta ƙwaya da kishiyarta. A 1967 Andrei Sakharov ya nuna cewa irin wannan bambanci yana cikin sharuɗɗan samun rarar. Sai dai bambancin da aka auna zuwa yanzu ya yi kaɗan ƙwarai, bai isa ya bayyana yawan abin da ya rage ba.

Shin wannan hanya ta gama aikinta?

Ba ta gama ba. Jan ƙasa har yanzu yana wajen wannan gini, domin dabarun lissafin da suka yi aiki a kan sauran ƙarfi uku suna rushewa in an ɗora su a kansa. An kuma daɗe ana sa rai da wani babban simetiri da aka ƙirƙiro a shekarun 1970, wanda ya ce kowace ƙwaya da aka sani tana da abokiyar tagwaitaka mai nauyi. Masana da yawa sun zaci na'urar CERN za ta fito da su da zarar ta fara aiki. Ta gano Higgs, amma ba ta ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Ana shirin ƙara wa na'urar yawan karo ninki-ninki domin a auna halayen Higgs da kyau, a ga ko akwai inda ya saɓa wa lissafi.