Dokar hular kwano a tseren jiragen ruwa masu gudun tsiya, har kalar hular sai da aka yi wa doka

Duk wanda ya taɓa cin karo da bidiyon tseren jiragen ruwan nan na F1H2O, wato gasar Formula 1 ta kan ruwa, a YouTube, irin wanda ake yi a Sharja da Abu Dhabi, in dai mai lura ne zai ga jiragen kowa da kalarsa da tallarsa amma hulunan direbobin kusan duk jirgi ɗaya ya kwaso su, ruwan lemo ko ja ko rawaya mai kashe ido. Toh ba gayu ba ne, doka ce.

Da farko dai a gane, wannan ba dokar gwamnati ba ce irin wadda majalisa ke yi. Dokar hukumar wasan ce, UIM, wadda aka kafa tun 1922 kuma hedikwatarta na Monako, ita ce uwa a harkar tseren jiragen ruwa masu inji a duniya, sannan ƙasashe suna da nasu ƙungiyoyin a ƙarƙashinta, misali APBA ta Amurka wadda ma ta girme ta don tun 1903 take. Ba ɗan sandan da zai tare ka a kan ruwa, amma lasisin tsere a hannunsu yake, kuma kafin kowace gasa akwai masu duba kaya da za su bi jirginka da rigar ruwanka da hularka ɗaya bayan ɗaya, in ba su gamsu ba jirginka ba zai taɓa ruwa ba ko da kuwa daga wata nahiyar ka yo dakonsa. In kuma ka shiga ka karya dokar a tsakiyar gasa a soke sakamakonka, shi kenan.

Gundarin dokar gajere ne: duk wanda ke cikin jirgin tsere, direba ne ko abokin tuƙinsa, dole hular kwano na kansa a ɗaure tun daga tashi, ko gasar ce ko gwaji ne kawai. Inda zancen ya yi tsawo shi ne wace irin hula.

Ba kowace ce ake karɓa ba. Sai wadda ta ci jarrabawar cibiyoyin gwaji da hukumar ta amince da su, fitattu su ne Snell da kuma FIA mai kula da tseren motoci. Ita Snell ɗin sunan wani direban tseren mota ne a Amurka, Pete Snell, da ya mutu a 1956 hular da ke kansa ba ta tsinana masa komai ba, sai abokansa suka kafa gidauniya a 1957 don a riƙa gwada huluna da gaske. Shaidar tana cikin hular, wata 'yar sitika ce da sai an ɗaga soson ciki ake ganinta, mai dubawa zai juya hular ya sa yatsa ya ɗaga soson ya karanta lambar da shekarar ma'aunin, don Snell kan sabunta ma'auninta duk shekara biyar kuma tsofaffin a hankali ake cire su daga jerin waɗanda aka yarda da su. Hular da ta tsage ko ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aiki ko da daga waje tana sheƙi, saboda abin da ke shanye bugun wani farin soso ne mai tauri a ciki, in ya lotse sau ɗaya ba ya dawowa. Mu da muka ga yadda aka yi a 2009 lokacin da aka tilasta wa 'yan acaɓa hular kwano a Najeriya har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'an kiyaye haɗurra, mun san me ya sa doka ba ta tsayawa a "sa hula" kawai, dole ta faɗi wace iri.

Sai kalar. Aƙalla rabin saman hular ya zama kala mai ɗaukar ido sosai, irin ruwan lemo da ja da rawaya. Dalilin a fili yake in ka tuna inda haɗarin ke faruwa. Direban da ya faɗa ruwa ba a ganin komai nasa sai kai, rigar ruwa ta ɗago shi amma sauran jikin na ƙasa, ga feshin ruwa ga igiya ga hasken rana na dukan ido, sannan ga sauran jirage na tahowa ta bayansa da gudun da ya haura kilomita 200 a awa, wato sama da mita 50 duk sakan ɗaya. Baƙar hula ko shuɗiya a wannan yanayin ɓacewa take yi. Da masu ceto da abokan tserensa duk wannan ɗigon ruwan lemon suke nema. Ni a ganina wannan ne sashen dokar da ya fi kowane hikima kuma shi ne mafi araha, fenti ne fa kawai.

Yanzu ga inda mutane da yawa ba su sani ba, hular kwano a kan ruwa tana iya ceto kuma tana iya illa. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Mutumin da jirgi ya cillo shi waje yana tsere a saman ruwa, in bakin hular ta ƙasa ya kamfaci ruwa, sai ta cika ta tsaya cak kamar guga a rijiya alhali gangar jikin na ci gaba da tafiya, duk wannan fizgar a wuya take sauka. Shi ya sa ake matsa wa kan hular ta zauna daram, ba wadda ka aro ta yi maka yawa ba, igiyar haɓa a ɗaure tamau, kuma masu tuƙa buɗaɗɗen jirgi rigar ruwansu ta tsere tana da tudun wuya ta baya da ke tallafe kai. Shi ya sa kuma ba a yarda ka liƙa kyamara a jikin hular ba komai ƙanƙantarta, duk abin da ya turo waje abin da ruwa zai kama ne. Masu son ɗaukar bidiyo ba sa jin daɗin wannan, amma a jikin jirgin ai akwai wurin ɗaurawa.

Kuma a gaskiya hula ita kaɗai ba ta taɓa isa ba, tarihin wasan ya nuna. Didier Pironi, Bafaranshen da ya tuƙa wa Ferrari mota a Formula 1, ya mutu a 1987 shi da abokan tafiyarsa biyu a tseren teku kusa da tsibirin Wight na Ingila bayan jirginsu ya hau igiyar da wani jirgin dakon mai ya bari ya kife. Stefano Casiraghi, mijin Gimbiya Caroline ta Monako, ya mutu ran 3 ga Oktoba 1990 yana da shekara 30 yana ƙoƙarin kare kambunsa na duniya a tseren jiragen ruwa na teku. A ɓangaren F1 na ruwa kuwa shekarar 1984 ce ta girgiza kowa, direbobi da dama suka tafi ciki har da Baturen Ingila Tom Percival a Liège ta Beljiyam, daga nan abokin aikinsa Chris Hodges ya duƙufa ya ƙera wani ƙaƙƙarfan akwatin zama da direba zai kasance a ciki a ɗaure, jirgin ya tarwatse amma akwatin ya tsira. Da farko wasu direbobin ƙi suka yi, kuma ba za ka ga laifinsu ba, mutumin da duk rayuwarsa ya san in jirgi ya kife gara a cillo ka waje yanzu an ce a ɗaure shi da bel a rufe shi a ciki.

Wannan canjin ne ya sa dokar hular ta ƙara rassa. Tunda jiki na ɗaure, in jirgin ya caki ruwa da hanci kai ne kaɗai ke wucewa gaba, ga nauyin hula a kansa, abin da ke karya gindin ƙoƙon kai ke nan. Sai aka shigo da abin tallafar wuya irin HANS daga tseren motoci, wani abu ne da ke zama a kafaɗu ƙarƙashin bel, da igiyoyi biyu da ake maƙalawa a gefen hular dama da hagu, don haka hular da za a shiga rufaffen jirgi da ita sai mai wurin maƙala su. Akwai kuma tazarar da aka ƙayyade tsakanin saman hular da murfin akwatin, dogon mutum sai a sauke masa kujera.

Sannan maganar numfashi. Jirgi in ya kife direban na rataye ne kai ƙasa ruwa na shigowa, don haka akwai silindar iska a cikin akwatin, wasu abin zuƙar na kusa da baki wasu kuma takunkumin a haɗe yake da hular. Kuma ba a yarda da "ai na iya" ba, sai ka yi gwajin nutsewa ka karɓi takarda, ana sabunta ta kusan duk shekara. Yadda ake yi, za a zaunar da kai a cikin akwatin gwaji a wurin ninƙaya da cikakken kayanka, hula da abin wuya da bel da safar hannu, a juya shi a nutsar, masu nutso na gefe suna kallonka, kai kuma ka kama iska ka buɗe murfi ka cire sitiyari ka kwance bel ka fito, a jere ba tare da ruɗewa ba. A nan ne ake gane hular da ke maƙalewa a bakin fita ko wadda ta hana ka kai abin iskar baki, gara a gano a nan da a gano a tsakiyar tafki. A gasar F1H2O akwai tawagar ceto mai suna Osprey da masu nutso a shirye cikin jiragensu tun kafin a tashi.

Masu tseren babur ɗin ruwa su ma dokar ta hau kansu, sai dai tasu hular ta fi kama da ta masu tseren babur a jeji, mai kariyar haɓa.

Tambayar da ta rage, shin wanda ya hau jirgi mai gudu don shaƙatawa a Dubai ko Legas dokar ta shafe shi? A'a, ta gasa ce da gwajin gasa. Mai yawon shan iska abin da aka fi nema a wurinsa rigar ruwa ce, direban kuma ya ɗaura igiyar nan da ke kashe inji da zarar ya faɗo daga kujera, sai dai in kamfanin da ya ba shi haya ko hukumar ruwan wurin ta sa nata sharaɗin, wannan kuma sai ya tambaya kafin ya biya kuɗi.