Zazzau da Hanyoyin Fatauci

Zazzau ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma ita ce ta can kudu da sauran. Babban birninta Zariya, a Jihar Kaduna ta yau. Tana zaune ne a bakin iyakar ƙasar Hausa, inda filayen gero da dawa ke miƙewa har su shiga ƙasar doya da duwatsu, saboda haka duk mai fita daga Kano ko Katsina zuwa Nufe ko bakin Binuwai da wuya ya kauce mata. Wannan zama shi ya ba ta arziki. Shi ne kuma ya sa aka ce da ita sarkin bayi a tsohon rabon aikin da ake dangantawa da jikokin Bayajida, inda Kano da Rano suka zama sarakunan baba, wato na rini, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir kuwa sarkin yaƙi.

Asali da zamanin Amina

Jerin sarakunan Zazzau ya fara ne da Gunguma ɗan Bawo. Kafin a tsaya a birnin yanzu an zauna a Turunku da kuma gindin dutsen Kufena, kuma ana danganta ƙaura zuwa Zariya da zamanin Bakwa Turunku, wajen 1536. A kan Sarauniya Amina ruwayoyi sun rabu. Ta gida ta ce 'yar Bakwa ce, wato ta ƙarni na 16, amma Tarihin Kano ya sanya ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438. Abin lura a wannan ruwaya ta biyu shi ne kayan da aka ce Sarkin Nufe ya aiko mata: babanni 40 da goro 10,000. Ko a wane ƙarni ta rayu, yaƙoƙin da aka jingina mata duk kudu suka nufa, wajen Nufe da Kwararrafa, inda hanyoyin kaya suke. Har yau tsofaffin ganuwoyi da yawa a ƙasar Hausa ganuwar Amina ake ce musu, har da waɗanda babu alamar ta taɓa zuwa kusa da su.

Sunan ƙasar ya kai Turai tun da wuri. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci Zegzeg a bayaninsa na Afirka da aka buga a 1550.

Ayari da kaya

A zamanin da, fatake ba su tafiya ɗai-ɗai. Ayari yana da madugu, wanda ya san hanya da sarakunan da ake biya fito a ƙasarsu, yana da jagaba a gaba da uban dawaki mai kula da bayan tafiya. Jakai da takarkarai da 'yan alaro ke ɗaukar kaya. In an sauka a zango, fatoma ne ke ba da masauki, ya ajiye kaya, ya haɗa baƙo da dillali. Yawancin unguwannin Hausawa da ke garuruwan Gana da Togo da Binin daga irin wannan zango suka tsiro.

Daga arewa ana sauko da gishirin Bilma, da kanwar Borno, da dawaki, da kayan da suka ƙetaro Sahara ta Ghat da Agadas: takarda, alharini, duwatsun wuya, ruwan takubba. Ƙasar Hausa na ƙara nata, wato baƙin rini, riguna da jima. Daga kudu maso yamma kuwa goro ke zuwa, na kurmin Asante, wanda ake saye a kasuwannin Gwanja, musamman Salaga, tafiyar watanni ana ta yayyafa masa ruwa ana tsince wanda ya lalace. Kuɗin ciniki a lokacin wuri ne, kuma asalinsa tsibiran Maldives na Tekun Indiya. Jiragen Turawa ke sauke shi a bakin teku, ya hauro ta ƙasar Yarbawa da Nufe.

Bayi

A cikin kayan nan har da mutane, kuma a nan rabon Zazzau ya fi na kowa yawa. Sarakunanta na kai hari kan al'ummomin da ke kudu da gabas da birni, su kuma karɓi bayi a matsayin gandu. Bayan jihadi, da Malam Musa, mai tutar Shehu Usman Ɗanfodiyo, ya ci Zariya, Sarki Makau ya yi kudu zuwa Zuba, ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da yau ake kira Suleja. Sabuwar masarautar Zazzau ta riƙe Keffi da Nasarawa da Jama'a a ƙarƙashinta, su ma suna aiko da bayi, wani kaso kuma ya wuce Sakkwato.

Mafi yawan waɗanda aka kama ba su bar ƙasar ba. An zaunar da su a rumada, wato ƙauyukan noma na sarakai da attajirai, suna aikin gandun ubangiji, suna kuma noma gayaunarsu. 'Ya'yansu da aka haifa a gida dimajai ake ce musu a Zazzau, kuma al'ada ba ta so a sayar da su, ko da yake ba kullum ake kiyaye hakan ba. Wasu na biyan murgu don su yi sana'ar kansu, wasu na tara kuɗin fansa.

Waɗanda aka fitar hanya biyu suka bi. Ta arewa ta ratsa hamada zuwa Murzuk da Tarabulus da Tunis, kuma mata sun fi yawa a cikinta. Bori da suka tafi da shi ya bar sawu a kiɗan stambali na Tunisiya, inda ake jin kalmomin Hausa a waƙoƙi. Ta kudu ta bi Nufe da Oyo zuwa Ikko, Badagiri, Porto-Novo da Wida, kuma maza majiya ƙarfi aka fi turawa can. Kusan mutum miliyan 12.5 aka loda a jirage daga Afirka zuwa nahiyar Amurka cikin ƙarni uku da rabi. Kason ƙasar Hausa a ciki kaɗan ne, kuma ya zo a ƙarshe-ƙarshe, musamman bayan 1804, lokacin da yaƙi ya sa kowane ɓangare ke sayar da wanda ya kama. Ta haka Musulmi, har da malamai da mayaƙa, suka shiga jirgi tare da waɗanda kakanninsu suka saba kai wa hari.

Yawancinsu Bahia ta Burazil aka kai su. A Mayun 1807 hukumar birnin Salbado ta gano shirin tawayen bayi Hausawa kafin ya tashi, aka sake yin wasu a 1809 da 1814. Tawayen Janairun 1835, wanda ya faɗo cikin azumi, Yarbawa Musulmi ne suka ja gabansa, amma akwai Hausawa a ciki, kuma an samu layu da rubutun Arabiyya a jikin waɗanda aka kama. A ƙarshen shekarun 1840 jakadan Faransa a Bahia, Francis de Castelnau, ya zauna da wasu Hausawa yana tambayarsu garuruwansu da hanyoyin da aka biyo da su har teku. Wasu kuma jiragen yaƙin Ingila suka tare su a ruwa bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, aka sauke su a Firitawun ta Saliyo. Daga bayin da suka gudo Ikko ne John Glover, wani jami'in Ingila, ya haɗa rundunar Hausawa a 1863.

Turawan Ingila sun mamaye Zariya a 1902. Dokarsu ta rufe kasuwannin bayi, ta kuma ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba ta 'yanta mutanen rumada kai tsaye ba, sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewa. Kafin nan jirgin ƙasa ya riga ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, goro ya koma zuwa ta teku zuwa Ikko sannan ya hau dogo, ayarin Gwanja kuma ya ragu har ya ɗauke.