Na'urar Narkar da Kalsiyam ta Tankin Murjani

Na'urar narkar da kalsiyam, wadda masu kiwon murjani ke kira riyakta, doguwar silinda ce ta roba mai haske, cike da tsakuwar aragonayit (kalsiyam kabonet, CaCO3, sinadarin ƙashin murjani), wadda ake zagaya ruwan gishiri a cikinta tare da iskar CO2. Aikinta shi ne mayar wa tankin gilashi abin da murjani ke zuƙewa kullum don gina ƙashinsa, wato kalsiyam da kabonet. Ta yaɗu tsakanin masu wannan kiwo a shekarun 1990, musamman daga Jamus.

Murjanin da Bahaushe ya sani shi ne jan dutsen adon wuya, wanda asalinsa ake ciro shi daga Bahar Rum. Na tanki danginsa ne: ƙananan dabbobi masu rai, irin su Acropora da Montipora, da ke gina tsaunuka a ƙarƙashin teku mai ɗumi. Ruwan teku na ɗauke da kalsiyam kusan miligiram 420 a lita, magniziyam kusan 1,300, ƙarfin kabonet kusan 7 zuwa 8 a ma'aunin dKH, pH kuwa, wato ma'aunin tsamin ruwa, 8.1 zuwa 8.3. Teku ba ya ƙarewa, amma tanki mai lita 400 da ya cika da murjani sai kalsiyam da kabonet ɗinsa su ragu cikin 'yan kwanaki.

Yadda take aiki

Aragonayit ba ya narkewa a ruwan tanki. Sai an tsamama ruwan. Idan CO2 ta shiga ruwa takan zama tsami mai rauni, irin na lemon kwalba, ta saukar da pH na cikin silindar zuwa wajen 6.5 ko 6.7, tsakuwar ta fara narkewa:

CaCO3 + CO2 + H2O → Ca²⁺ + 2HCO3⁻

A taƙaice, na'urar tana warware abin da murjani ya gina ne a da, ta miƙa wa na raye ya sake ginawa. Shi ya sa abin da take fitarwa ke zuwa daidai da yadda ake cin sa: duk dKH 2.8 na tafiya da kalsiyam miligiram 20 a lita. Wannan lissafi shi ne kan gadon aikin duka. Raguwar dKH 1 tana fitowa sarai a gwaji, amma kalsiyam ɗin da ya tafi tare da ita kusan miligiram 7 ne kawai, abin da yawancin kayan gwajin gida ba sa iya nunawa. Don haka da dKH ake tuƙa riyakta, ba da kalsiyam ba. Kuma ba ta gyara karkata. Tankin da kalsiyam ɗinsa ya yi ƙasa alhali dKH na daidai, sai a fara daidaita shi da kalsiyam kulorayid kafin a kunna ta.

Kayan haɗi da kunnawa

Bayan silindar akwai tukunyar gas, da regileta mai siririn makunni, da bawul ɗin lantarki mai buɗe gas da rufewa, da 'yar kwalbar ƙirga kumfa, da bawul mai hana ruwa komawa baya. Akwai famfo mai juya ruwa a ciki, da wani ƙarami mai shigo da shi daga tanki, sai sandar auna pH da akwatin da ke karanta ta.

Ana ɗauraye tsakuwar, a zuba ba har baki ba, a cika da ruwan tanki, a fitar da iskar da ta maƙale a sama. A bar ta ta kwana tana juyawa ba gas, don in akwai yoyo ya bayyana tun ba a yi nisa ba. Sandar pH kuma a daidaita ta da ruwan gwaji na 4 da na 7. Sannan a buɗe gas kaɗan, kamar kumfa goma a minti, ruwan fita yana ɗiga ɗis-ɗis. Ruwan da ke fitowa daga na'urar da ta zauna yakan kai dKH 25 zuwa 40.

Daga nan sai haƙuri. Abu biyu ake murɗawa, yawan gas da saurin ɗigo, kuma ɗaya ake taɓawa a lokaci guda, a jira kwana ɗaya ko biyu, a auna dKH na tanki a sa'a guda kullum, a rubuta a littafi. Wanda ya murɗa duka biyun tare ba zai san wanne ya yi aikin ba. Idan gas ya yi yawa har pH ta faɗi ƙasa da 6.3, tsakuwar takan zama kamar kunu, ta toshe bututu. Acropora kuwa ya fi jure dKH 7 da ke tsaye a kan wanda ke tsalle tsakanin 7 da 10. A irin wannan tsalle, naman jikinsa kan fara saɓulewa ya bar farin ƙashi.

Babban aibinta shi ne ragowar CO2 da ke bin ɗigon ta saukar da pH na tanki, musamman gab da asuba, lokacin da gansakukar da ke zaune a jikin murjani ta kwana ba haske. Ana rage wannan da silinda ta biyu mai tsakuwa, ko a sa ɗigon kusa da na'urar kumfa mai tace datti, ko a riƙa ɗiga ruwan kalsiyam haidurokzayid da dare.

A yanayin Zariya

Zariya ta yi nisa da teku, don haka ruwan haɗawa ake yi da gishirin tanki na musamman da tataccen ruwa. Ruwan rijiya ko na burtsatse ba ya shiga sai ya bi ta na'urar tacewa ta RO.

Ɗauke wuta ne ya fi komai muhimmanci. Bawul ɗin gas ya zama irin wanda ke rufe kansa idan wuta ta tafi, kuma ya kasance a layi ɗaya da famfon juyawa. Kuskure ne babba a ɗora bawul a kan inbata a bar famfo a wutar gari: gas zai yi ta taruwa a ruwan da ba ya motsi, wuta na dawowa a tura wa tanki. Janareta ya zauna nesa da tagar ɗakin, domin ruwa na shan hayaƙinsa. Ɗakin da aka rufe ruf saboda AC, mutane na ciki, shi ma yana tara CO2.

A zafin Maris da Afrilu, tanki na buƙatar sanyaya don ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. Tukunyar gas kuma a ɗaure ta a tsaye, a inuwa. Matsinta kusan bar 57 ne a digiri 20, yana hawa da zafi, kuma allurar ma'aunin matsi ba ta sauka sai ruwan gas ya ƙare, saboda haka sikeli ya fi ta faɗin gaskiya. Da hunturu ruwa na ƙafewa da sauri, gishiri ya yi yawa, sai a cike gurbin da tataccen ruwa marar gishiri.

Neman sauƙi kan sa a waiwayi kayan kasuwa. Allin makaranta yawancinsa jipsam ne, ba kabonet ba. Kanwa ba ta da kalsiyam ɗin da ake nema. Farar ƙasa ta fi aragonayit wuyar narkewa, kuma ba a san abin da ta ƙunsa ba sai an kai ta ɗakin gwaji.

Ba kowane tanki ne ya cancanci wannan ɗawainiya ba. Ƙarami, ko mai murjani masu taushi, canjin ruwa ya ishe shi, ko hanyar Hans-Werner Balling ta zuba kalsiyam kulorayid da sodiyam baikabonet daban-daban, duk da tana ɗaga gishirin tanki a hankali. Riyakta ta babban tanki ce, inda abin da ake zubawa da hannu ya daina isa.