Kwarin Sakkwato: shimfiɗun ƙasa da ruwan da ke cikinsu

Kwarin Sakkwato shi ne yankin arewa maso yammacin Nijeriya inda yashi da laka da dutsen farar ƙasa suka kwanta hawa-hawa bisa tsohon dutsen ƙarƙashi. Ya mamaye mafi yawan jihohin Sakkwato da Kabi da wani sashe na Zamfara, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 65,000. Gefen kudu maso gabas ne na wani babban kwari da ake kira Iwillimmedan, wanda ya ci sunan wata ƙabilar Abzinawa, ya kuma ratsa Nijar da Mali da arewacin Benin. Damina a nan gajeruwa ce, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, yawancin koguna kuma sukan ƙafe da rani. Shi ya sa mutane da dabbobi da noman rani suka dogara ƙwarai ga ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa.

Yadda shimfiɗun suka kwanta

Shimfiɗun ba a miƙe suke ba. Sun ɗan kishingiɗa zuwa arewa maso yamma, suna ƙara kauri da zurfi yayin da aka nufi iyakar Nijar. Saboda haka wanda ya taso daga Gusau ya bi ta Sakkwato zuwa Argungu, yana tafe ne daga tsofaffin duwatsu zuwa sababbi. Yashin da ya taka da ƙafarsa a gabas, in ya kai yamma sai ya yi haƙa mai zurfi kafin ya tarar da shi.

A ƙasan kome akwai dutsen ƙarƙashi, wanda ya bayyana a fili a wajen Gusau da Anka da Zuru. Dutse ne mai tauri marar ƙofofi. Ba ya riƙe ruwa sai a tsaguwa ko inda samansa ya ruɓe, shi ya sa rijiyar burtsatse a can takan ba da ruwa kaɗan, wata ma a haƙa ta a tashi a banza.

Bisansa shimfiɗar Gundumi ta kwanta, tare da takwararta ta Illo a kudu maso yamma. Tsakuwa ce da yashi da laka mai launi-launi waɗanda tsofaffin koguna da tafkuna suka zubar a zamanin da masana ke kira Kiritashiyos. Kaurinta yakan kai mita 240 zuwa 300 a inda ta nutse, ana kuma tsintar guntayen itatuwan da suka zama dutse a cikinta.

Sai rukunin Rima, mai hawa uku: Taloka, Dukamaje da Wurno. Taloka da Wurno yashi ne mai laushi haɗe da laka, Dukamaje kuwa da ke tsakaninsu laka ce ta teku. Wajen shekara miliyan 70 da suka wuce, wani reshen teku ya malalo ta inda Sahara take a yau har ya iso nan. Shaidar haka tana nan a tuddan Goronyo, inda aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa mai kama da ƙadangare. A 1972 masana suka raɗa mata suna Goronyosaurus, don tunawa da garin. Abin mamaki ne a tsaya kan wannan busasshen tudu a watan Afirilu a tuna cewa ƙasan teku ne a da.

Tekun ya janye, ya sake dawowa tsakanin shekara miliyan 66 zuwa 56 da suka wuce, ya bar rukunin Sakkwato: lakar Dange a ƙasa, mai ɗauke da jibsam (wani farin ma'adini mai laushi) da ƙwallayen fosfat (ma'adinin da ake yin takin zamani da shi), dutsen farar ƙasa na Kalambaina a tsakiya, da siririyar lakar Gamba a sama. Dutsen Kalambaina ne masana'antar simintin Sakkwato take fasawa tun 1967.

A saman duka akwai shimfiɗar Gwandu, yashi da laka da suka taru bayan teku ya tafi gaba ɗaya. Ita ce ta rufe yammacin kwarin, wajen Gwandu da Birnin Kabi da Argungu da Tangaza, inda ake ganin tuddai masu shafaffen kai da marmara ta lulluɓe.

Inda ruwan yake

Yashi da tsakuwa ne ke ɗaukar ruwa a ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyinsu, amma ba a fahimtar ruwan wannan kwari sai an lura da laka. Laka ba ta barin ruwa ya wuce. Idan ta kwanta a ƙarƙashin yashi sai ta tare ruwan kada ya zurare, idan ta kwanta a samansa sai ta zama murfi ta danne shi. Ruwan sama yana shiga kowace shimfiɗar yashi ta inda ta bayyana a fili a tudun gabas, ya riƙa gangarawa sannu a hankali ƙarƙashin murfin laka. Da yake mashigarsa ta fi tsayi, ruwan yana cikin matsi. In aka huda murfin da burtsatse sai ya taso da kansa cikin bututu, a wuri mai kwari kuma har ya yi ta tumbatsa ba tare da famfo ba.

Binciken haɗin gwiwa da hukumomin nazarin ƙasa na Nijeriya da na Amurka suka yi a shekarun 1960, wanda masana biyu, Anderson da Ogilbee, suka wallafa rahotonsa a 1973, ya tabbatar da manyan ma'adanan ruwa guda uku masu irin wannan matsi: na Gundumi, na Rima da na Gwandu. Lakar da ke ƙasan rukunin Rima ce ta raba na farko da na biyu, lakar Dange kuma ta raba na biyu da na uku.

Na Gwandu ya fi kowanne albarka. Yashin da ke ƙasan shimfiɗar yana sakin ruwa da yawa, ruwan kuma mai daɗin sha ne, ba gishiri. A fadamun gulbin Sakkwato, wajen Argungu da Birnin Kabi, an sami rijiyoyin da ke kwarara da kansu. Na Gundumi ma yana da kyau inda aka dace da tsakuwa. Na Rima kuwa yana da wuyar sha'ani: yashinsa ya yi laushi ainun, yana bin ruwa ya shiga rijiya ya cinye famfo in ba a sa matacin da ya dace ba, a wasu wurare kuma ruwan yana da ƙarfe da yawa, yana barin jan tsatsa a bokiti da tufafi.

Kalambaina daban take. Dutsen farar ƙasa yana narkewa a ruwan sama, sai ya yi ramuka da hanyoyi a cikinsa. Lakar Dange da ke ƙarƙashi ta hana ruwan nutsewa, sai ya tsaya a sama-sama, ya ɓullo a matsayin idon ruwa a gefen tuddai. Waɗannan maɓuɓɓugai ne ke sa gulbin Rima ya ci gaba da gudu da rani a kusa da birnin Sakkwato, su ne kuma ke ciyar da tafkin Kware. Maginan rijiya suna son wannan shimfiɗa domin gaba kaɗan ake yi a kai ga ruwa. Sai dai sauƙin nan yana da haɗari. Hanyar da ruwan sama ya bi ya shiga da sauri, ita ce ƙazantar masai da juji take bi, ba yashin da zai tace ta. Duk rijiyar da ke kan wannan dutse a cikin gari ta cancanci a riƙa gwada ruwanta, a kuma nisanta masai da ita.

Fadama

Sabuwar shimfiɗa mafi ƙarancin shekaru ita ce yashi da taɓon da gulaben Sakkwato da Rima da Zamfara suka zubar a fadamunsu. Ruwa a nan yana kusa, ambaliyar kowace damina ce ke sake cika shi. Da jigo ake ɗebo shi a da. Daga farkon shekarun 1990 shirin bunƙasa fadama ya yaɗa gajerun burtsatse da ƙananan injinan ban-ruwa, noman albasa da shinkafa da tumatir na rani ya ƙaru sosai. Madatsun Bakolori da Goronyo sun canza yadda ambaliya ke sauka a fadamun da ke ƙasa da su, cikar wannan ruwa kuwa a kan ambaliyar ta rataya.

Ruwan da ya ƙetare iyaka

Shimfiɗun ba su tsaya a kan iyaka ba. Abin da ake kira Gwandu a Nijeriya shi masanan Nijar ke kira Kwantinantal Tarminal da Faransanci, Gundumi da Illo ma suna da takwarorinsu a can. Ruwan da ke can cikin zurfi tafiyarsa a hankali take, wani sashensa ya shiga ƙasa ne tun dubban shekaru, lokacin da yankin ya fi yanzu samun ruwan sama. Abin da aka zuƙe daga irin wannan ba ya dawowa a damina ɗaya, rijiyar da aka bari tana kwarara dare da rana ba makulli kuwa tana rage matsin da maƙwabtanta ke amfana da shi. Wannan ne ya sa Mali da Nijar da Nijeriya suka yi nazarin ma'adanin ruwan Iwillimmedan tare a shekarun 2000, da nufin auna abin da kowace ƙasa ke ɗiba da abin da damina ke mayarwa.