Manhajar Ƙaramar Sakandare a Gana da Hanyoyin Koyar da Ita

Ƙaramar sakandare, wadda aka fi sani da JHS a Gana, mataki ne na shekara 3 da yaro ke shiga bayan kammala aji 6 na firamare, galibi tsakanin shekara 12 da 15 da haihuwa. Da ita ilimin tushe yake ƙarewa, wanda tsarin mulkin 1992 ya tanadi a ba kowane yaro kyauta kuma bisa tilas. An kafa matakin ne a gyaran ilimi na 1987, zamanin mulkin Jerry Rawlings, inda ya maye gurbin makarantar midil mai shekara 4. Da farko JSS ake kiransa, sai a 2007 aka sauya sunan zuwa JHS.

Hukumar NaCCA ce ke tsara manhajar, hukumar ilimi ta GES kuma ke aiwatar da ita a makarantu. Darussan sun haɗa da Turanci, lissafi, kimiyya, ilimin zamantakewa, kwamfuta, fasahar sana'a, zane da ƙirƙira, ilimin addini da tarbiyya, Faransanci, da harshen gida guda ɗaya. Sabuwar manhajar, wadda aka fara jarrabawa a kanta a 2024, ta fi damuwa da abin da ɗalibi zai iya yi da hannunsa da tunaninsa fiye da yawan abin da ya haddace.

A nan ne hanyar koyarwa ta sauya sosai. A da malam kan cika allo da rubutu, yara su kwafa, su haddace, su mayar masa ranar jarrabawa. Yanzu ana so ya raba su rukuni-rukuni, ya jefa musu tambaya su yi muhawara, ya ba su aikin bincike na makonni, sannan ya riƙa auna fahimtarsu a kai a kai ba sai ƙarshen zango ba. An kuma hana bulala tun 2017. Tsari ne mai kyau, amma yana da tsada: ajin da ya cika maƙil ba ya rabuwa rukuni cikin sauƙi, kuma darasin fasahar sana'a ba ya yiwuwa yadda ya kamata inda babu zarto, babu keken ɗinki, babu murhu.

Ga 'ya'yan unguwannin zango a Kumasi, irin na Aboabo da Asawase, babban batu shi ne harshe. Yaro yana magana da Hausa a gida, yana karatun Alƙur'ani da Larabci a wajen malaminsa, yana ɗaukar darasi da Turanci, sannan a darasin harshen gida Tuwi ta Asante yake koyo, domin Hausa ba ta cikin harsunan da ake jarrabawa a kansu, irin su Dagbani, Gonja, Ga da Ewe. Wannan rashi ne na gaske, tun da muhawarar da manhaja ke nema ta fi armashi a harshen da yaro ke tunani da shi. Shi ya sa malamin da ya iya Hausa kan warware ma'anar abu mai wuya da ita, kafin ya koma Turanci don rubutu. Sashen ilimin Musulunci da aka kafa ƙarƙashin GES a 1987 ya haɗa boko da Arabiyya a makarantu da dama, kuma Larabci ya shiga BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, a 2024.

Hukumar WAEC ce ke shirya BECE tun 1990, maki daga 1 zuwa 9, kuma 1 ne mafi daraja. Da sakamakon ne kwamfuta ke rarraba ɗalibai zuwa manyan sakandare tun 2005. Saboda gasar shiga fitattun makarantu, malaman aji 3 na JHS sukan jingine ayyukan rukuni su koma bitar tsofaffin tambayoyi safe da yamma.