David Axelrod da sana'ar tsara yaƙin neman zaɓe: tambayoyi da amsoshi

Ta ina Axelrod ya shigo wannan harka?

Ta aikin jarida. An haife shi a New York a 1955, ya yi karatu a Jami'ar Shikago, sannan ya zama wakilin jaridar Chicago Tribune kan siyasar birnin. A 1984 ya ajiye alƙalami ya shiga kamfen ɗin Paul Simon mai neman kujerar sanata a jihar Illinois, suka yi nasara. A 1985 ya buɗe kamfaninsa na ba 'yan takara shawara, wanda daga baya aka san shi da AKPD. Ya yi wa Harold Washington, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin Shikago, aiki a tazarcensa na 1987, kuma wannan ƙwarewa ta tallata baƙar fata ga masu zaɓe farare ita ta yi masa rana da ya kama aiki da Barack Obama a takarar sanata ta 2004.

Shi ne ke nan shugaban kamfen?

A'a. A takarar shugaban ƙasa da Obama ya yi a 2008, David Plouffe ne shugaban kamfen, shi ke riƙe da kuɗi, ma'aikata da lissafin jihohi. Hannun Axelrod yana kan saƙo: me ɗan takara zai faɗa, wa zai faɗa wa, kuma a yaushe.

Yaya ake fitar da saƙon?

Ana farawa da ƙuri'ar jin ra'ayi mai faɗi, don a san abin da ke damun jama'a da yadda suke kallon ɗan takara. Daga nan sai a tara mutum takwas zuwa goma sha biyu, galibi waɗanda ba su yanke shawara ba, a bar su su yi ta magana, masu tsara kamfen suna saurare ta bayan gilashi. Alƙaluma suna nuna yawan masu ƙorafi, zaman kuwa yana fito da kalmomin da suke ƙorafin da su. Sai a zaɓi magana ɗaya a jingine sauran, kuma nan ne ake kai ruwa rana, domin kowane ɗan takara so yake ya faɗi komai. A 2008 maganar ita ce canji. Taken nan na "Eh, za mu iya" ma tun tallar 2004 Axelrod ya rubuta shi. Obama ya ga kamar ya yi arha, sai da matarsa Michelle ta sa baki.

Tallar talabijin yawanci daƙiƙa 30 ce, ba ta ɗaukar abin da ya wuce batu ɗaya. A gwada ta a gaban wani rukunin kafin a saya mata lokaci. Dokar Amurka ta tilasta wa tashoshi su sayar wa ɗan takara lokaci a farashi mafi sauƙi cikin kwana 45 kafin zaɓen fid da gwani da kwana 60 kafin babban zaɓe, don haka jadawalin saye yana bin waɗannan ranaku.

A ina ake samun matsala?

Ta farko a wurin biyan kuɗi take. Bisa al'ada mai ba da shawara kan talla yana ɗaukar kamasho daga kuɗin sayen lokaci, har kashi 15 cikin 100, ko da yake manyan kamfen suna rage shi. Wanda ladansa ke ƙaruwa da yawan talla ba zai yi saurin cewa a kai kuɗin wajen masu bi gida-gida ba. Ta biyu, saƙon da bai yi kama da mai faɗarsa ba: jama'a suna gane aron baki nan take.

Dabarar tana aiki a wajen Amurka?

Ba kullum ba. Jam'iyyar Labour ta Birtaniya ta ɗauki Axelrod a 2014 don taimakon shugabanta na lokacin, Ed Miliband, ta sha kaye a 2015. A Najeriya kuma APC ta yi hayar kamfanin AKPD kafin zaɓen 2015. Axelrod ne ya kafa kamfanin, amma ya sayar da hannun jarinsa tun 2009, lokacin da ya koma fadar White House a matsayin babban mai ba Obama shawara.